Mataimakin koci: aikin da ke gina ƙwallo, daga filayen Zuru zuwa kofin duniya

Da an idar da sallar la'asar rana ta fara sanyi, filayen makarantun Zuru kan cika da matasa. Wasu da takalmin ƙwallo, wasu da na roba, wasu ƙafa ba komai. Duk ƙungiyar da ta amsa sunanta za ka tarar da mutum biyu a bakin fili. Na farko shi ne koci, wanda ake ɗagawa sama ranar da aka ci wasa, ake kuma yi wa ihu ranar da aka sha kashi. Na biyun ya riga kowa isowa. Shi ya hura ƙwallaye, shi ya jera robobin da za a yi zagaye, shi ya san yaron da bai sa komai a cikinsa ba tun safe, da wanda ya wuni a gona, da wanda mahaifinsa ya ce kada ya ƙara ganin ƙafarsa a fili sai ya ci jarrabawa. Idan an tashi, shi zai ƙirga riguna, ya ɗaure su a bayan babur, ya kai gida a wanke.

Wannan shi ne mataimakin koci. A makarantunmu sau da yawa ba shi da ma wannan sunan. Wani malamin wasanni ne, wani tsohon ɗalibi ne da ya gama bai sami aiki ba, wani kuma ɗan bautar ƙasa ne da zai tafi bayan shekara guda. A wasu ƙasashe kuwa sana'a ce mai takardar ɗaukar aiki da albashi da matakan ci gaba, mutum ya shige ta yana saurayi ya tsufa a cikinta. Tazarar da ke tsakanin waɗannan biyun ita ce ta dame ni, kuma a ganina lokacin maganarta a Zuru ya yi, tun da garin ya sami jami'a tasa.

Ƙasar da ba ta rasa ƙarfi ba

Babu mai cewa ƙasar Zuru ta rasa jiki ko juriya. Masarautar, wadda ta haɗa ƙananan hukumomin Zuru da Fakai da Danko-Wasagu da Sakaba a kudancin Jihar Kebbi, ta yi suna a Nijeriya wajen ba da sojoji. Daga nan Laftanar Janar Ishaya Bamaiyi ya fito, wanda ya riƙe hafsan hafsoshin sojan ƙasa daga 1996 zuwa 1999. Daga nan marigayi Manjo Janar Muhammadu Sani Sami ya fito, wanda ya yi gwamnan soja a Jihar Bauchi kafin ya hau gadon sarautar Zuru. Kokawa kuwa tsohuwar al'ada ce wurin Dakarkari, masu kiran kansu Lelna, kuma wanda ya taɓa halartar bikin Uhola bayan girbi ya ga irin matasan da ƙasar take haifarwa. Yaron da ya tashi yana huɗar dawa, yana hawa da sauka a kan duwatsun yankin, ba sai an koya masa numfashin minti casa'in ba.

Abin da ƙwallo ke nema bayan ƙarfi shi ne koyarwa, ita kuma koyarwa tana son mutumin da zai zauna da yaro shekara da shekaru. Yadda ake tarbar ƙwallo da cikin ƙafa a juya kafin abokin hamayya ya iso, yadda ɗan baya zai san lokacin da zai matso da lokacin da zai ja da baya, yadda ɗan tsakiya zai waiga kafin ƙwallo ta zo masa: ba a koyon waɗannan a gasar mako biyu da ɗan siyasa ya sa wa kofi gab da zaɓe. Ana koyonsu ne a atisayen Talata da Laraba, ranakun da babu ɗan kallo ko ɗaya, kuma a irin waɗannan ranakun mataimaki ne ke riƙe da usur.

Mutanen Zuru ba baƙin wannan tsari ba ne. A al'adar golmo, saurayi kan yi shekaru, har bakwai, yana noma a gonar surukansa tare da tsaransa kafin a ba shi mata, kuma kowa ya san shekarun ba ɓata lokaci ba ne, a cikinsu ake gane mai haƙuri da wanda zai iya riƙe gida. Zaman mataimakin koci haka yake, sai dai shi mai golmo ya san ranar da zai gama, ya kuma san abin da ke jiransa. Mataimakin kocinmu ba wanda ya yi masa alkawarin komai.

Mutum uku, kofi uku

Wanda ke son ganin amfanin wannan zama ya dubi tarihin Golden Eaglets, ƙungiyar Nijeriya ta 'yan ƙasa da shekara 17. A watan Satumba na 2007, a Koriya ta Kudu, yaran suka doke Sifaniya da bugun fenariti suka ɗauki kofin duniya. Kocinsu Yemi Tella malami ne a Cibiyar Wasanni ta Ƙasa da ke Legas, wato mutumin aji da allo, ba tsohon tauraro ba. Ya je gasar yana fama da ciwon daji na huhu, makonni kaɗan da dawowa Allah ya yi masa rasuwa. Cikin waɗanda suka zauna a gefensa a benci akwai wani mutumin Gombe, Manu Garba.

Bayan shekara shida, a 2013, Manu Garba ne koci. A Abu Dhabi yaransa suka ci Meksiko 3-0 a wasan ƙarshe, aka zaɓi Kelechi Iheanacho gwarzon gasar. Sai a dubi waɗanda suka yi masa mataimaka. Ɗaya Nduka Ugbade ne, kyaftin ɗin ƙungiyar da ta fara ciyo wa Nijeriya wannan kofi a Chaina a 1985. Ɗayan kuma Emmanuel Amuneke, gwarzon ɗan ƙwallon Afirka na 1994, wanda ya ci ƙwallaye biyun da aka doke Zambiya da su a wasan ƙarshe na kofin Afirka a Tunisiya, ya ci ƙwallon da ta kayar da Ajantina a gasar Olympics ta Atlanta a 1996, ya kuma sa rigar Barcelona. Mutum mai wannan tarihi ya yarda ya zauna a bayan wani, ya ɗauki robobi, ya tsaya da 'yan gaba bayan an tashi atisaye. Ina ganin wannan shawarar tasa ta kai ƙwallayen nan daraja.

A 2015 sai aka ba Amuneke ƙungiyar. A Chile suka ci Mali 2-0 a wasan ƙarshe, wani yaro mai suna Victor Osimhen ya zura ƙwallo 10 a gasar, adadin da ba a taɓa kaiwa ba kafin nan. Daga baya Amuneke ya kai Tanzaniya gasar kofin Afirka ta 2019, karo na farko tun 1980.

Kofi uku cikin shekara takwas, kuma Garba da Amuneke kowannensu ya fito ne daga bencin wanda ya ciyo kofin kafin shi. Duk sanda ake neman dalilin nasarar Nijeriya a wannan mataki akan ce baiwa ce. Baiwar tana nan kafin 2007, tana nan kuma bayan 2015. Abin da ya bambanta waɗannan shekaru shi ne ba a yanke igiyar ba: wanda ya koya ya karɓa, ya kuma zo da nasa mai koyo.

Ko a babbar ƙungiya haka abin yake. Bonfrere Jo, wanda ya ciyo zinaren Atlanta, ya yi shekaru yana mataimakin Clemens Westerhof. Stephen Keshi ya yi wa Bonfrere mataimaki, ya yi wa Shu'aibu Amodu, kafin ya kai Togo ga samun gurbin kofin duniya na 2006, sannan ya ciyo wa Nijeriya kofin Afirka a 2013. Allah ya ɗauki Keshi da Amodu kwana uku tsakani a watan Yuni na 2016.

Inda aikin ya zama sana'a

A Amurka ne aikin mataimakin kocin jami'a ya fi zama da gindinsa. Can jami'o'i da kwalejoji ɗaruruwa ne ke da ƙungiyoyin ƙwallo, maza da mata, a ƙarƙashin hukumar NCAA. Kakar wasansu gajera ce, daga ƙarshen Agusta zuwa Disamba, amma mataimaki ba ya hutu. Shi ke yawo gari-gari yana kallon wasannin 'yan sakandare, yana zama da iyaye, yana shawo kan yaro ya zaɓi makarantarsu. Shi ke yanka bidiyon wasan abokan hamayya ya fito da inda suke da rauni. Shi ke bin sakamakon jarrabawar kowane ɗan wasa, domin dokarsu ta ce wanda makinsa ya faɗi ba zai buga ba. Shekaru da yawa doka ta ƙayyade wa ƙungiyar maza ta babban rukuni tallafin karatu da bai kai na mutum goma cikakku ba, ana gutsuttsura shi ga 'yan wasa kusan talatin, kuma mataimaki na cikin masu zaman wannan lissafi. Da yawansu sukan fara ne suna karatun digiri na biyu, jami'a ta yafe musu kuɗin makaranta su kuma su yi mata aikin fili.

Bob Bradley ta wannan ƙofa ya bi. A farkon shekarun 1980 ya yi wa Bruce Arena mataimaki a Jami'ar Virginia, daga nan ya koma Princeton ya zama koci. Arena ya kai Amurka zagayen kusa da na kusa da ƙarshe a kofin duniya na 2002. Bradley ya jagorance ta zuwa Afirka ta Kudu a 2010, sannan ya zo ya horar da Masar daga 2011 zuwa 2013.

'Yan Nijeriya ma sun sha ruwan wannan tsari. Tun a shekarun 1970 Jami'ar Clemson take ɗaukar 'yan wasa daga Nijeriya. Michael Emenalo ya buga wa Jami'ar Boston a ƙarshen shekarun 1980, ya wakilci Nijeriya a kofin duniya na 1994, bayan ya ajiye takalmi ya koma koyar da yara a wata makarantar ƙwallo a Tucson, jihar Arizona. A 2007 Avram Grant ya kira shi Chelsea ya riƙa leƙo asirin abokan hamayya. A 2010 ya zama mataimakin koci, a 2011 ya zama daraktan fasaha, ya riƙe muƙamin har 2017. Matasan Zuru da ke cika gidajen kallo ranar da Chelsea ke wasa, da yawansu ba su san cewa ɗan ƙasarsu ya yi shekara shida yana cikin masu yanke shawarar wa za a saya wa za a sayar ba, balle su san cewa daga koyar da yara ya taso.

Misali mafi kusa shi ne na Super Falcons. Randy Waldrum kocin jami'a ne tun asali: ya ciyo wa Notre Dame kofin ƙasa sau biyu, a 2004 da 2010, kuma ko lokacin da yake horar da matan Nijeriya bai bar aikinsa na Jami'ar Pittsburgh ba. Ya kai su zagaye na biyu a kofin duniya na 2023, inda Ingila ta fitar da su da fenariti. Da ya tafi a 2024 aka miƙa ƙungiyar ga mataimakinsa, Justine Madugu, mutumin Adamawa da ya daɗe yana aiki da ƙungiyoyin mata ba tare da an san shi sosai ba. A watan Yuli na 2025, a Rabat, Maroko ta ci su biyu kafin hutun rabin lokaci, suka dawo suka ci uku, suka ɗauki kofin Afirka karo na goma. Wanda ya kalli wasan ya ga abin da sanin 'yan wasa ke yi: mutumin ya san wadda zai sako da lokacin da zai sako ta, domin ya daɗe tare da su.

Ƙofar da dillalai ke ƙwanƙwasawa

Ba alheri kaɗai ke cikin wannan kujera ba. Tun da mataimaki ne ya fi kusa da 'yan wasa, kuma koci na jin maganarsa wajen zaɓe, shi ne mutum na farko da dillalan 'yan wasa ke nema.

Salisu Yusuf, mutumin Zariya, yana cikin ƙwararrun masu horarwa da Arewa ta fitar. Ya yi aiki da Kano Pillars, ya ciyo wa Enyimba kofin ƙalubale a 2013, ya yi wa Gernot Rohr mataimaki a Super Eagles, ya kuma kai ƙungiyar 'yan wasan cikin gida wasan ƙarshe na gasar CHAN a Maroko a 2018. A shekarar ne aka fitar da wani bidiyo na ɗan jaridar Ghana Anas Aremeyaw Anas, inda aka ga yana karɓar dala 1,000 daga wasu da suka zo a matsayin wakilan 'yan wasa. Ya ce kyauta ce, kuma ba ta sauya zaɓensa ba. Kwamitin ɗa'a na hukumar NFF ya dakatar da shi shekara guda, ya ci shi tarar dala 5,000. Ya gama wa'adinsa ya koma bakin aiki.

Ban kawo wannan don tozarta shi ba, kuma hukuncin da aka yi masa daidai ne. Na kawo shi ne domin abin da ya faru a sama yana faruwa a ƙasa kullum, ba tare da kyamara ba. Uba ya kawo kaza ko kwanon dawa, wani ya cusa 'yan kuɗi a aljihun malami ya ce a taimaka a sa yaronsa. Mutumin da ba ya karɓar albashi, ko yake bin bashin watanni, me ake tsammani daga gare shi? Masu horarwa a Nijeriya, har waɗanda suka ciyo kofuna, sun sha kuka kan haƙƙinsu da ba a biya ba. Duk makarantar da ta bar mataimakinta ba ko sisi, ta sani cewa wata rana wani ne zai biya shi, kuma ba don amfanin ƙungiyar ba.

Sai maganar shekaru. A 2016 gwajin ƙashi na na'urar MRI ya kayar da 'yan wasa 26 daga sansanin Golden Eaglets ana gab da wasa da Nijar, ita kuwa Nijar ta fitar da Nijeriya daga neman gurbin gasar Afirka, shekara guda kacal bayan kofin Chile. Maganin wannan kunya ba a Abuja yake ba. Yana cikin rajistar makaranta, a hannun malamin da ya ga yaro tun yana aji ɗaya na ƙaramar sakandare, wanda ba za a iya zuwa a ce masa mai gemu ɗan shekara 15 ne ba. Ƙwallon da ta tsiro daga makaranta tana zuwa da shaidarta.

Jega ta nuna ana iyawa

Jihar Kebbi ta riga ta fitar da ɗan wasan da duniya ta sani. Zaidu Sanusi, haifaffen Jega a 1997, daga filayen garinsu ya tafi Fotugal, ya bi ta ƙananan ƙungiyoyi irin su Mirandela, ya hau zuwa Santa Clara, a 2020 Porto ta saye shi. A watan Mayu na 2022 shi ya ci ƙwallon minti na ƙarshe a gidan Benfica, wadda ta tabbatar wa Porto kofin ƙasar. Ya buga wa Nijeriya har wasan ƙarshe na kofin Afirka a Abidjan a farkon 2024. Kafin kowane Bature ya gan shi, akwai waɗanda suka tsaya da shi a rana a Jega suna gyara masa ƙafar hagu.

A nan akwai wata doka da ya kamata kowane mai horar da yara a Zuru ya haddace. A ƙa'idar FIFA, idan aka sayar da ƙwararren ɗan wasa daga wata ƙasa zuwa wata, ana ware kashi 5 cikin 100 na kuɗin a raba wa ƙungiyoyin da suka rene shi tsakanin shekara 12 zuwa 23. Sharaɗin shi ne ƙungiyar ta kasance da rajista, shi ma yaron an yi masa rajista da sunanta a shekarun da ya yi a can. Ƙungiyar da ba ta da takarda ba ta da rabo, ko da ita ta saya masa takalmin farko. Cike fom, ajiye hoto, kai suna ofishin hukumar ƙwallo ta jiha a Birnin Kebbi: aiki ne mai gundura da koci ba ya son yi, kuma a duk inda aka ci gaba mataimaki ne ke yin sa.

Abin da mataimaki a Zuru ke ɗauke da shi

Wani nauyin na Zuru ne kaɗai, ba a koyar da shi a kowane kwas. A ƙungiya ɗaya za ka sami mai jin C'lela, da mai jin Hausa kawai, da ɗan barikin soja da ya taso da Turancin buroka. Za ka sami Musulmi da Kirista, wani lokaci 'yan gida ɗaya. Mai tsara atisaye dole ya san Juma'a da Lahadi, ya san yadda zai rage nauyi a watan azumi, ya san cewa da damina ta kankama rabin yaransa na gona, kuma uban da ya rasa hannu a gona saboda ƙwallo ba zai ƙara barin ɗansa ya zo ba. Idan rikici ya tashi tsakanin yara biyu, mataimaki ne ke jin labarin tun bai kai kunnen koci ba, shi ne kuma zai taka har gida ya gaida iyaye ya ce, Baba, a yi haƙuri a bar mana shi zuwa ƙarfe shida.

Ga kuma rashin tsaro. Shekarun nan hare-haren 'yan bindiga sun addabi ƙauyukan Danko-Wasagu da Sakaba, sun raba mutane da gonakinsu, sun tura iyalai da yawa cikin gari. Wasan sada zumunci da a da za a shirya da ƙungiyar Ribah ko Dirin Daji ba tare da dogon tunani ba, yanzu sai an tambayi lafiyar hanya, an kuma tabbatar za a dawo kafin duhu. Cikin yaran da ke zuwa fili akwai waɗanda suka ga abin da bai kamata yaro ya gani ba. Ga irin waɗannan, sa'a biyu a hannun babban da ya san sunansu, yake tambayarsu ina suka shiga jiya, ba ƙaramin abu ba ne. Ko da babu ɗayansu da zai taɓa zuwa Turai, wannan kaɗai ya isa a biya mutumin da ke yin aikin.

'Yan mata kuwa kusan ba a fara ba. A Amurka wata dokar 1972 ce ta tilasta wa makarantun da ke karɓar kuɗin gwamnati su ba mata dama daidai da maza, daga nan ƙwallon matansu ta bunƙasa. A nan abin da zai buɗe ƙofar ya fi doka sauƙi: mace a bakin fili. Iyaye da yawa da ba za su miƙa 'yarsu ga koci namiji ba za su yarda idan akwai malama da ke tsaye a wurin, tana tafiya da su duk inda za su je. Kwalejojin ilimi irin ta Adamu Augie a Argungu da ta Shehu Shagari a Sakkwato suna yaye malamai kowace shekara, mata na cikinsu.

Jami'ar da ke da zaɓi a gabanta

A 2020 gwamnatin tarayya ta mayar da tsohuwar Kwalejin Aikin Gona ta Zuru zuwa Jami'ar Aikin Gona ta Tarayya. Sabuwar jami'a tana da buƙatu da suka fi ƙwallo gaggawa: ɗakunan karatu, ɗakunan gwaje-gwaje, masauki, ruwa. Ba na jayayya da wannan. Amma al'adar makaranta tun tana ƙarama ake kafa ta, kuma fagen da za ta shiga yana nan a buɗe. Wasannin jami'o'i na NUGA suna gudana tun 1966. A 2018 aka fara gasar ƙwallo ta manyan makarantu mai suna HiFL, kuma wadda ta ɗauki kofin farko jami'ar aikin gona ce, ta Makurɗi, ba ɗaya daga cikin tsofaffin manyan jami'o'in da kowa ya zata ba.

Hanya mai sauƙi ita ce wadda aka saba: ana saura mako uku gasa a kafa kwamiti, a sayo riguna, a ɗauko wani koci daga waje, a tattara yara, a je a dawo, a watse sai baɗi. Ɗaya hanyar ba ta fi wannan tsada sosai ba. A ɗauki koci ɗaya da mataimaka biyu, ɗaya mace, a ba su takardar aiki irin ta kowane ma'aikaci. A biya musu kuɗin kwas a Cibiyar Wasanni ta Legas, ko na lasisin hukumar CAF, wanda ke farawa daga matakin D ya hau zuwa C da B da A, domin ba tare da wannan takarda ba ba a barin mutum ya zauna a bencin babbar ƙungiya komai iyawarsa. A rubuta cikin aikin mataimakan cewa rana biyu a mako za su fita zuwa makarantun sakandare na gari, har da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Zuru, su yi atisaye tare da malaman wasanni, su buɗe littafin da za a rubuta sunan kowane yaro da ranar haihuwarsa da ajinsa. Daga cikin ɗaliban jami'ar kuma a zaɓi masu sha'awar koyarwa, a rage musu wani abu daga kuɗin makaranta, su zama mataimakan mataimaka.

Masarauta da 'yan siyasa da manyan sojojin da suka yi ritaya, waɗanda ba sa ƙyashin sa kofi da kyautar babur, su ma akwai inda kuɗinsu zai fi daɗewa. Abin da ake kashewa a bikin rufe gasa ɗaya, da rumfuna da makaɗa da abincin manyan baƙi, zai iya tura matasa da dama kwas ɗin matakin farko. Kebbi United da ke Birnin Kebbi tana buƙatar 'yan wasa da masu horarwa daga kowane sashe na jihar, haka nan ƙungiyar da jiha ke turawa gasar Ramat ta matasa a Kano. Idan aka fara a wannan zangon karatu, yaran da ke aji ɗaya na ƙaramar sakandare yanzu za su kai shekarun shiga jami'a nan da shekara shida, da sunayensu a rubuce da kuma wanda zai tsaya ya shaide su.